Kwaɗon Sabuwa da Burodin Rago

Duk Gagarawa an san taubashiyata Sabuwa da ɓarin mai. In ta kwaɗa latas sai ka naɗe hannun riga, don man gyaɗa har gwiwar hannu yake gangarowa. Tun tana budurwa haka take: ƙuli-ƙuli tuli, mai kamar ambaliya, ganyen kuwa sai ka haska tocila kafin ka gano shi. Da wannan kwaɗon ta samo mijinta Haladu, dillalin raguna, da shi kuma ta kusa rasa shi.

Bara ya yanke jiki ya faɗi a kasuwar Maigatari. A asibitin Gumel likita ya ce jini ya hau, kitse ya taru, shi da maiƙo sai dai kallo daga nesa.

Da aka kawo masa latas ba mai, ya leƙa kwanon ya ɗago.

"Sabuwa, ni akuya ne?"

"Malam, likita ne fa ya ce."

"To ki kai wa likitan."

Daga nan ya koma dawowa daga tasha leɓe na ƙyalli, yana cewa ruwa kawai ya sha. Ruwan da ke ƙanshin ƙosai! Sabuwa dai ta sani, in ba ta samo abin da zai ci a gida ba, faɗuwa ta gaba ba lallai a tashi ba.

Ran nan Juwairiyya mai nono ta kawo kindirmo. Sabuwa ta zuba wa kaurinsa ido, can sai ta jawo ƙwarya. Ta matsa lemon tsami a ciki, ta daka tafarnuwa da masoro, ta ɗan barbaɗa gishiri, ta burga, ta kwarara a kan latas da tumatir da gurji.

Juwairiyya ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Adda, nonon nawa a kan ganye? Fura ta ƙare a duniya ne?"

"Ke dai rufe baki, kada ƙuda ya shiga."

Saura abin da zai yi ƙaras-ƙaras a baki madadin ƙuli. Idonta ya faɗa kan buhun da ke bakin turke. Dogon burodin Nijar ne, wanda in ya kwana sai ya koma sanda, Haladu ke kwaso busasshensa daga Maigatari don ragon da yake kiwo. Ta zaro guda, ta fasa shi ƙanana, ta shafa tafarnuwa, ta gasa a kasko ba ko ɗigon mai. Juwairiyya ta ɗauki ƙwaryarta ta fita tana salati.

Haladu ya kai lomar farko da fuskar mai shan maɗaci. Ya tauna. Ƙarar taunar har garin Ɗanzomo aka ji ta, masu gona suka ɗago kai. Ya zaro ido, ya sake kai hannu, bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano.

"Wane irin ƙuli ne wannan, mara nauyi haka?"

Kafin ta amsa, rago ya tsinke igiya ya taho, ya tura kai cikin kwanon yana shinshina kamar wanda ya gane kayansa a hannun ɓarawo. Haladu ya dubi ragon, ya dubi buhun da bakinsa ke buɗe. Hularsa ta zame.

"Sabuwa! Abincin rago kika ba ni?"

"Malam, akuya ka ce kai ba ita ba ce. Ban ji ka ambaci rago ba."

Har kaji suka daina tono. Haladu ya yi ƙasa da murya don kada maƙwabta su ji.

"Akwai saura?"

Yanzu leɓen Haladu ya daina ƙyalli, mai ƙosan tasha har ta aiko tambaya ko lafiya. Buhun ya koma cikin ɗaki, a rataye. Ragon ne dai ya rame, kuma in Haladu ya gifta turke, sai ragon ya kau da kai.