Ɗaurin Ƙafar Barewa

Mahaifina maɗori ne a Dutsin-Ma. Ba mutane kaɗai yake yi wa ɗori ba. A bayan gidanmu akwai wani kango da ya kewaye da danni, inda yake ajiye duk dabbar da aka kawo masa a karye: jaki, tunkiya, karen farauta, har da shamuwar da iska ta kayar daga kan tsamiya. Cikin wannan na tashi, shi ya sa da aka kai ni aure Kurfi, gab da samun mulkin kai, na ɗauka ni ma na iya.

Wata safiya da kaka, Bafulatanar da ke kawo mana nono ta shigo da wani abu naɗe a zane. 'Yar barewa ce, ƙafarta ta baya tana lilo. Tarko ne ya kama ta a gefen gonar wake.

"Maigidana ya ce a yanka," in ji ta. "Ni kuwa na ce bari in kawo wa ɗiyar maɗori."

Na tsaga karan dawa, na jera, na ɗaure da tsumma yadda na sha gani. Na sa ta a tsohon garken awaki, ina ɗura mata madarar akuya da ludayi. Kwana biyu tana sha. A rana ta uku ta kau da kai. Da na taɓa, sai na ji ƙasan ɗaurin ya kumbura, kofaton ya yi sanyi kamar gindin randa.

Na rasa abin yi. In na kwance, ƙashin ya goce. In na bari, ƙafar ta ruɓe. Ina cikin daka sai in jingine taɓarya in je in leƙa ta.

Da maigidana ya shigo na ce, "Malam, in ka je kasuwar Dutsin-Ma gobe, don Allah ka biya wajen Baba."

"A kan barewa zan taso dattijo?"

"Ni na ɗaure ta. In ta mutu, a hannuna ta mutu."

Sai ya ce zai faɗa masa.

Washegari barewar ta daina ɗaga kai, ƙudaje suka fara taruwa. Surukata ta tsaya a bakin garken ta ce, "Yarinya, gara a yanka tun da sauran rai, kada ta zama mushe."

"Inna, a yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Duk da haka ta aika a wasa wuƙa. Ina zaune ina kore ƙudaje, ina jin ƙarar wuƙar a kan dutse daga zaure. Inuwar katanga ta yi ta matsowa.

An idar da la'asar ke nan Baba ya yi sallama. Motar gyaɗa ya hawo. Ko ruwa bai sha ba ya durƙusa ya warware tsumman.

"Kin matse," ya ce. "Sai ɗan yatsa ya iya shiga ƙarƙashi."

Ya murza ƙafar da man shanu, ya tofa addu'a, ya sake ɗauri.

"Za ta tashi, Baba?"

"Ban sani ba. Ki riƙa taɓa kofaton. In ya yi ɗumi kafin jibi, to."

Ban san sau nawa na taɓa shi ba. Ɗumin ya dawo a rana ta biyu, kaɗan, har ban yarda da hannuna ba sai da na kira Inna ta taɓa.

Ƙafar ta warke a gajarce. Baba ya ce in aka sake ta daji, karnuka ba za su bar ta ta kwana ba, sai ya sa aka kai masa ita. Ta yi shekara huɗu a wajensa tana ɗingishi cikin jakuna. Duk lokacin da na je ganin gida nakan kai mata harawa, amma da ta hango ni sai ta koma can bayan rumbu.