Wayar da Yaya ya ajiye a adaka

A shekarar da ɗan yayana ya sami aiki a kudu, ya aiko wa mahaifinsa waya. A shekarar ne ni ma na sayar da wakena na sayo tawa a kasuwar Ɗanbatta. Da haka Allah ya haɗa mu da abin gardama, mu da ko a kan iyakar gona ba mu taɓa sa-in-sa ba.

Yadda aka fahimtar da mu, wayoyin nan masu gilashi gida biyu ne. Akwai gidan masu tsada, kamfani ɗaya ke ƙera su, shi ke kuma ci gaba da aiko musu da gyara ta iska shekara da shekaru, abin da samari ke kira afdet. Akwai kuma gidan da kowa ke ƙerawa, waɗanda wasunsu da zarar sun bar kanti ba mai sake tambayar lafiyarsu. Ta Yaya daga gidan farko ta fito, ko da yake ta hannu ce, wani ya ɗan mora kafin ta iso mu. Tawa ta gida na biyu ce, a can ɗin ma ba ta cikin manya. Sau ɗaya aka taɓa aiko mata da gyaran, ya cinye mini data, ya sauya launin agogo, daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Yaya bai yi boko ba, ni ma karatuna na allo ne da ajami, amma wannan bai hana mu zama malaman waya a gindin darbejiyar ƙofar gida ba. Da an idar da la'asar zai dube ni ina dangwalar gilashi, ya ce, "Malam, yaya marainiyar taka?"

"Lafiya lau, Yaya. Tana gaishe ka."

"Tawa tana da iyaye. Ko ta tsufa suna aiko mata da abinci. Taka kuwa tun ranar suna aka watsar."

"To fito da 'yar gatan mana, mu ma mu gaisa."

"Ba ta yawon majalisa."

Kuma gaskiya ya faɗa. Yaya da 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila yake harka. Babbar, tun makon da ta zo ya kashe ta, ya naɗe a sabon ƙyalle, ya sa a ƙasan adakar ƙarfe tare da rigarsa ta idi. Yana da dalili. Innarmu ta yi ta burin zuwa Makka har ƙafa ta daina ɗaukarta ko zuwa ƙofar gida. Yaya ya taɓa ganin wani alhajin garinmu ya kira iyalinsa daga can, suna ganinsa yana ganinsu, Ɗakin Allah yana bayansa. Tun ranar ya ƙudurta cewa in Allah ya kira shi, da wannan waya zai nuna wa Inna abin da ba ta samu zuwa gani ba. Abin da aka tanada don wannan aiki kuwa ba a barin sa a hannun jikoki.

A majalisa ina tsokanarsa, amma a raina na ga hikimar abin. Mu mutane ne da muka san ajiya. Gyaɗa a rumbu take yin daraja. Littattafan mahaifinmu suna nan a gafakar fata, tawadarsu kamar jiya aka rubuta, kuma tun da aka rubuta su ba wanda ya aiko musu da gyara daga ko'ina. Abu mai kyau in an killace shi, yana jiran mai shi. Haka muka sani.

Tawa ba ta ga killacewa ba. Ta je gona, ta faɗa kunya ana huɗa, akuya ta taka ta, gilashin ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Da murfin bayan ya fara buɗe baki na ɗaure shi da roba. An sauya mata batir a kasuwa. In na danna ta sai na yi salati na gyara zama kafin ta amsa, ta koya mini haƙurin da malamaina suka yi ta fama ban koya ba. Amma da ita nake jin karatu, da ita nake aika saƙon murya, da ita muke jin farashin taki. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, Yaya yana tara kuɗin kujera, yana kuma tuna mini cewa tawa ba ta da kowa.

Da Allah ya nufa, kujerar ta samu. Kiran sansanin alhazai ya zo ba zato, aka ce gobe da safe. Ranar ce Yaya ya buɗe adaka. Wayar ta fito tana sheƙi, ko ƙwarzane babu, sai dai ta ƙi tashi. Muka hau mota zuwa Ɗanbatta wurin mai gyara.

Mai gyaran ya juya ta, ya ce, "Baba, a ina aka tono wannan? Kamar yau aka sauke ta daga jirgi."

Yaya ya dube ni ta gefen ido don in shaida.

Aka sa mata sabon batir, ta farka. Aka sa layi, aka sa data. Sai mai gyaran ya yi ta dannawa yana tsaki. Can ya ce manhajar da ake kiran bidiyo da ita, irin wadda kowa ke da ita a garinmu, ta ce ba ta shiga wannan waya, ta tsufa.

"Ta tsufa a ina?" in ji Yaya. "Ko kira ɗaya ban yi da ita ba. Ka karɓo mata abincin nata mana, ai yana can ya taru."

"Na karɓo na ƙarshen da suka aiko, Baba. Sun rufe na irinta. Su ba daga ranar da ka fara mora suke lissafi ba, daga ranar da suka ƙera ta ne."

"To duk shekarun da aka ce suna ciyar da ita fa?"

"Sun ciyar, wallahi, ba su yi ƙarya ba. Tana barci ne aka yi rabon."

Na miƙa masa tawa, don neman magana kawai, na ce ya duba marainiya. Ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi ɓera. Ya ce wannan ai ko ɓarawo ya tsinta zai biyo ni da ita, kuma ba ta da wani tsaro, kada in kuskura in ajiye sirri a ciki. Amma kiran bidiyo tana yi. Har yaushe, Allah masani.

Muka hau mota muka juyo gida. Sabuwa ta fi ƙarfin guzurinsa, ɗan nasa yana can nesa, tafiya kuma gobe. Sai da muka sauka muka kama hanyar gida ta cikin gero, ya yi gyaran murya.

"Malam, wannan abar taka, tana jure zafi?"

"Marainiya ce, Yaya. Me ba ta gani ba?"

"Ka sake mata roba. Kada ta ba ni kunya a gaban Larabawa."

Haka wayata ta riga ni zuwa Makka.

Ranar da ya ce zai kira, bayan azahar, muka fito da Inna tsakar gida, gefen rumbu, inda sabis ya fi kamawa. Na karɓi wayar maiɗakina, wadda ƙaninta ya ba ta, ita ma 'yar gidan marayu. Kiran ya shigo, fuskar Yaya ta cika gilashin, ya yi aski, yana ta haki. Inna ta kau da kai. Yaya ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ban kuma taɓa ganin ta tsaya ta dube shi ido da ido ba.

"Ka ce wa wancan ya kawar da kansa," ta ce da ni. "Ba shi na zo gani ba."

Yaya ya ji, ya yi dariya, ya fara juya wayar. Yana cikin juyawa sabis ya ɗauke, hoton ya tsaya cik. Rabin gilashin baƙin mayafin Ɗakin Allah ne da fararen tufafin masu ɗawafi, ɗaya rabin kuma gefen fuskar Yaya, baki a buɗe, ido ya yi ja. Na kai hannu zan katse in sake kira, Inna ta buge mini hannu.

"Bar shi haka. Masu motsin nan ba na ganinsu."

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kawo ta daf da fuskarta saboda idon ya yi rauni, ta yi ta kallo tana motsa leɓe. Har kajin gidan suka dawo kiwonsu a kusa da ƙafafunmu. Daga inda nake tsugune ban iya gane wane rabin take kallo ba. Da gilashin ya yi duhu ta miƙo mini, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce alhamdu lillahi, ta gani.

Har na miƙe zan mayar da wayar, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In ya sake kira ka ce ya riƙa cin abinci. Ya rame."