Rabon Mamaci a Lambun Gudel

Ranar da aka yi wa tela rakiya, waɗanda suka taru a tsakar gidanmu ba su da yawa. Akwai ƙanena, wanda gari ke kira likita ko da yake allura da wankin gyambo ne aikinsa. Akwai malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan Dogonduci, mai tabarau da yawan bayani. Akwai makaniki, Bazabarme haifaffen Yamai, wanda faratansa ba su taɓa rabuwa da baƙin mai ba. Akwai wani mai aikin gidan waya da ba ya magana sai an tambaye shi. Sai ni a bakin murhu ina tsince shinkafa, kunnena na wurinsu. In za a faɗi kowa da kowa, to a sa har da moton tela, wato babur ɗinsa, wanda ke jingine da dogonyaro, an goge shi yana ƙyalli kamar bai kashe kowa ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Yaran da suka yi lakwal duk sun sami aiki, kuma abin da kowannensu ke fara saye shi ne moto, kafin gado, kafin mata. Yamai ƙaramin gari ne a lokacin. Babu gada, mai zuwa ƙetaren kogi sai ya jira jirgin fito. Nan unguwar Dar es Salam da nake zaune yau, gonakin hatsi ne da sabara. In moto ya wuce, mata kan ajiye taɓarya su leƙa su ga ko ɗan wane ne.

Ƙanen nan nawa ni na goye shi. Uwarmu ta rasu a Tsibiri yana kan nono, ni na yi ta ɗura masa kunu har ya tsaya da ƙafarsa. Da mijina ya rasu sai ya ɗauko ni Yamai in riƙe masa gida. Ban yi lakwal ba, ban san baƙi a takarda ba, amma tun daga bakin hanya nakan san yadda ya kwaso giya, daga yadda moton ke kuka in ya karya kwana.

Kowace Lahadi, ana tashi daga majami'a, sai ya tuɓe rigar sujada ya bi abokansa zuwa Gudel, inda wata mata ke sayar da giya a cikin lambu bakin kogi. Tela shi ne kan gaba. Musulmi ne, uwarsa na zaune a Kirkisoy can ƙetare, amma ba ruwansa da wanda ya yi majami'a da wanda ya yi masallaci. Tunda shi Bazabarme ne ni kuwa Bagobira, taubasai muke, ba ya shigowa gidanmu da sallamar arziki.

"Ina baiwar nan tawa da kyanwa ta yakushe wa fuska? Me kika dafa wa ubangidanki?"

"Guba na dafa, ɗan cin ganye. Zo ka zauna tun da zafinta."

Sai ya zauna ya cinye, ya ce ba gishiri. Ya taɓa ɗinka mini riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Da na yi magana ya ce rigar daidai take, Gobirawa ne ake haifa a karkace. Na sha yi masa faɗa kan giyar nan, faɗa na gaske ba na wasa ba, sai ya mai da shi wasa, ni kuma in rasa ta inda zan kama shi.

Wata Lahadi da yamma suna dawowa, yashin wata kwana ya kwashe shi ya haɗa shi da kututturen gawo. Ƙanena ne ke biye da shi. Shi ya ɗora kansa a cinya, duk aikin likitan da ya koya bai hana komai ba. Moton kuwa fitila kawai ta fashe.

Tun da aka yi jana'iza ƙanena ya daina cin abinci. Bai yi kuka ba, ko sau ɗaya. Ya dawo aiki ya zauna yana kallon katanga. Wannan ya fi ba ni tsoro, don na san hadarin da ya haɗu bai zuba ba, wani wuri zai sauke.

To, yaran nan suna da wata al'ada tasu da suka ƙago, ban san inda suka gano ta ba. In ɗayansu ya mutu, sai su yi masa abin da suke kira rakiya. Wanda ya fi kusa da shi ya hau moton mamacin, su bi hanyar da suka saba har inda suke sha. Can sai a ajiye wa abokin nan kwalabe kashi biyu, rabonsa da rabon mamaci, kuma sai ya shanye duka kafin ya tuƙo moton zuwa gida. Ina tsince shinkafa na ji malamin lakwal na tsara wannan, yana cewa ai babu wanda ya cancanta sai likita. Ciki ba abinci, giyar mutum biyu, da kwanar nan da ta riga ta ɗanɗana jini. Na ajiye faifai.

Na shiga ɗaki na sa rigar nan mai karkataccen hannu, na ɗaure zanena sosai, na yafa gyale. Ina fitowa na tarar ƙanena ya tayar da moton. Na je na zauna a kan ƙarfen baya, ƙafafuna gefe guda.

"Yaya, ina za ki?"

"Inda za ka."

Malamin lakwal ya gyara tabarau. "Yaya, ki yi haƙuri, wannan tafiyar ta maza ce. Akwai tsarin da muke bi."

"Kai ka haife shi? Bawana ne ya mutu. A ina ka taɓa jin an hana Bagobira raka bawanta?"

Duk suka juya wajen makaniki, tunda shi ne dangin mamacin a wurin. Ya sosa ƙeya. "Wallahi gaskiyarta ce. Ko a bakin kabari ta zo, ba mu da ikon korar ta."

Ban taɓa hawa moto ba sai ranar. Da farko na rintse ido na damƙe rigar ƙanena kamar zan yage ta. Da muka fita daga gidaje sai na buɗe. Ga kogi a hagunmu ya cika ya batse, ga masunta a tsaye cikin kwalekwale, ga kayan wanki an shanya bisa ciyawa, ga masu lambu na jan ruwa da ƙwarya suna watsa wa ganyen salati. Iska ta shiga gyalena ta cika shi, ƙanshin albasa da danyar ƙasa na dukan hancina. Ni da na saba ganin duniya daga bakin murhu, ga ta tana gudu tana zuwa wurina. Ban gaya wa kowa ba a lokacin, amma na gane abin da ke fitar da yaran nan. Na kuma ji ƙasusuwan bayan ƙanena a tafin hannuna, bayan da na san shi tun yana kamar na ɗan tsako.

A Gudel mai giya ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mangwaro. Ta jawo buhu daga cikin kogi inda take sanyaya kwalabe, ta dube ni, ta dubi yaran. Aka ajiye wa kowa nasa, aka ajiye wa ƙanena kashi biyu. Ni na zauna daidai gabansa na naɗe ƙafa.

A wurinmu, yaro ba ya shan ko taba gaban wadda ta goye shi. Ƙanena ya yi lakwal, ya iya Faransanci, yana sa wando da takalmi sau-ciki, amma wannan kunyar ba ta bar shi ba. Ya kai hannu ya janye. Malamin lakwal ya tashi ya yi dogon jawabi da Faransanci, ya zauna. Ba wanda ya taɓa kwalbarsa.

Sai na miƙa hannu na ɗauki kwalbar rabon mamaci.

"Kai, ɗan cin ganye," na ce, ina duban ƙasa. "Kana ji na? Ka gudu ba ka gyara mini hannun riga ba. Ka ci tuwona shekara da shekaru kana cewa ba gishiri. Yanzu kuma ka mutu ma ba za ka sha giyarka da kanka ba, sai ka aiko a ɗura wa ɗan mutane? Lalacin Zabarmawa har lahira! Ungo abinka, ban san mai ɗaukar maka kaya ba."

Na tuntsurar da ita a ƙasa, kumfa na tashi, yashi na shanyewa.

Makaniki ne ya fara fashewa da dariya, yana dukan cinya yana cewa wallahi haka zai ce rigar daidai take. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba ta juye masa kuka. Sai na ji wani sauti daga gabana wanda rabona da shi tun a Tsibiri. Ƙanena ne, ya kife kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Ban taɓa shi ba, ban ba shi haƙuri ba. Na bar shi ya zubar. Da ya ɗago, ya ɗauki tasa kwalbar ya juye a inda na juye.

"Ƙara da nawa," ya ce. "Dama kullum kai ke shanye mini."

Sauran na ce musu su sha nasu, ban goyi ko ɗayansu ba, amma ina ƙirga musu da ido. Ba wanda ya nemi ƙari. Suka yi ta ba da labarin tela, har mai gidan waya ya buɗe baki ya faɗi yadda ya taɓa ɗinka masa wando ba aljihu. Rana na bisa muka taso. Da muka iso kwanar nan ƙanena ya rage gudu har na iya ganin inda ɓawon gawon ya ɗaye. Ya wuce a hankali, sauran na biye a jere. Daga baya makaniki ya ɗora moton a jirgin fito ya kai wa uwar tela a Kirkisoy.

Ba zan ce ƙanena ya bar giya daga ranar ba. Bai bari ba sai da girma ya kama shi. Amma ya koma sha a inda gadonsa ke kusa, ya kuma yi furfura, ya ga jikoki. Yanzu duk sun tafi, shi da malamin da makanikin, an bar ni da rigar a ƙasan akwati.

Washegarin rakiyar na tashi ƙuguna kamar an daka, saboda ƙarfen nan na baya. Na ɗauki igiya na auna bayan moton ƙanena, na tafi kasuwa wurin baduku, na tsaya a kansa har ya ɗinka mini matashi na jar fata ya cusa masa audugar rimi. Na dawo na ɗaure shi da kaina, ƙulli bisa ƙulli. Ƙanena ya fito zai tafi aiki, ya tsaya yana kallo.

"Yaya, wannan fa?"

"Lahadi na zuwa," na ce. "Zo ka ci tuwo kafin ka fita."