Tsoho Nicanor Ba Ya Waƙa Sai da Saniya

Duk wanda ya tashi a Paz de Ariporo ya san tsoho Nicanor mai tatsa. Tun yana saurayi yake aiki a garken mutane, bai taɓa mallakar ko maraƙi ba, amma saniyar da ta hana kowa nono, da ya jingina goshi a cikinta ya rera mata sunanta, sai ta saki. Kowace da waƙarta. Mutum ne mai taurin kan tsiya: ko a biki aka roƙe shi, cewa yake shi ba mutane yake yi wa waƙa ba.

Da ciwon ƙirji ya fara cinsa, 'yarsa Yurany ta dage sai ta naɗi muryarsa. Ya ce a ɗaki dai ba zai buɗe baki ba. Ta sayo doguwar waya, ta ja makirufo tun daga kwamfutar da ke kusa da madafa har garke, ta danna maɓallin naɗi, ta koma kan girkinta. Haka suka yi ta yi har ƙarshen damina, ba ta taɓa saurare ba, domin lasifikar kwamfutar ta daɗe da yin shiru.

Bayan an binne shi ta kawo mini kwamfutar shagona. Ni gyara ne sana'ata, kuma ba na son mai kaya ya tsaya mini a ka, amma ita ban iya korarta ba. Na canza lasifika, shiru. Na duba ko an kashe murya ne, ba a kashe ba. Da na buɗe cikin kwamfutar, sai ga katin sautin, wanda murya ke shiga da fita ta cikinsa, duk tsatsa, laima ta gama da shi. Na sa wani, kiɗa ya tashi ras. Har ta yi dariya ta ce ashe na iya wani abu.

Sai na buɗe abin da ta naɗa. Ƙarar cokali muka fara ji, da mai yana soyuwa. Na duba bayan kwamfutar. Ramin da ta cusa doguwar wayar a mace yake tun farko, kwamfutar kuwa sai ta riƙa ɗauka ta ɗan makirufon kyamarar da ke kan tebur. Na buɗe na biyu, na uku, duk madafa ce. Can sai muryar Yurany da kanta ta fito tangaram:

"Wai tsohon nan bai gama ba har yanzu? Mutum na da aikin yi."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe mini wuyan hannu.

"Bar shi, maigyara. Lokacin da nake wannan maganar yana can garke yana waƙar. Ƙara murya."

Na ƙara har ƙarshe. Can nesa saniya ta yi kuka sau ɗaya, mai ya ci gaba da soyuwa.