Ranar da Muka Ɗauke Teburin Tikiti

Na yi ritaya da daɗewa, amma ranar da muka ɗauke teburinmu daga ƙofar kasuwa har yau ba ta fita a raina ba. Abin da ya tuno mini da ita shi ne muhawarar da ake ta yi a rediyo kwanan nan, wai in an rage haraji aka sassauta wa 'yan kasuwa, tattalin arzikin ƙasa zai miƙe. Wasu daga cikinku ma'aikatan haraji da ke bakin aiki yanzu sun biyo ni har gida Nassarawo suna tambayar ra'ayina. Ni ban karanci wannan fanni ba. Na dai ga an gwada ɗan ƙaraminsa a gabana, a wata kasuwa a Jimeta, shi zan ba ku.

A lokacin ni ne jami'in da ke kula da masu karɓar kuɗin shiga a kasuwar. Ga wanda bai san aikin ba, masu shaguna a ofis suke biyan nasu, shekara-shekara. Masu kasa kaya a fili kuwa, da motocin da ke sauke kaya, tikiti ake yanka musu kullum a bakin ƙofa. Kayan aikinmu tebur ne na katako, da benci, da laima, da koriyar riga da muke sawa a kan tufafinmu. Kafin rana ta fito mun kafa tebur, sai la'asar mu tashi. Ba mai son ganinmu. Na sha zagi da Hausa, da Fillanci, da Turancin buroka, har da yaren garinmu, daga bakin mutanen da muke zama benci ɗaya da su a coci ranar Lahadi.

Shekarun da rikici ya yi tsanani ne, lokacin da garuruwan arewacin jiha suka tarwatse, mutanensu suka kwararo Yola. Wasu suna sansani a wajen Damare, mafi yawansu kuwa a gidajen dangi suka raɓe. Gari ya cika da jama'a amma kasuwa ta yi sanyi. Hanyoyin da hatsi da dabbobi ke biyowa sun toshe, mai saye kuma ba ya taɓa komai sai abin da za a ci a ranar. 'Yan gudun hijirar da suka saba da ciniki sun samu gefen fili sun kasa ɗan abin da ya sawwaƙa, mu kuma muna yanka musu tikiti kamar kowa, don dokar ba ta ware su ba.

A cikinsu akwai wata mata da duk kasuwa ke kira Adda Mairamu, wato babbar yaya. A garinsu dillaliyar kayan miya ce, a nan kuma da tire guda ta fara. Tana zaune a Yolde Pate wajen wani ƙaninta, ita da 'ya'yanta. Abin da na lura da shi game da ita, kullum in ta sauka daga keke mai ƙafa uku sai ta tsaya daga nesa ta dubi teburinmu tukuna, sannan ta ƙaraso. Na ɗauka lissafin yadda za ta zille mana take yi, don irin wannan kallon mun saba da shi. Amma ba ta taɓa zillewa ba.

Wata Asabar ta biya tikitinta, ta tsaya.

"Malam Bitrus, jibi zan sauke tumatir, mota guda. Ka ce wa mutanenka su yi mini da sauƙi."

Na ce, "Adda, mota guda? An ci gado ne?"

"Saniya ne na sayar. Shi kaɗai ƙanina ya iya korowa daga gida. In Allah ya yarda daga jibi na bar tire."

Na yi mata fatan alheri. A raina kuwa dariya nake yi, don na san ranar Litinin ko sisi ba za ta biya ba, kuma an hana ni faɗa.

Ga yadda abin yake. Daraktanmu, Alhaji Bobbo, mutumin cikin garin Yola ne, mai natsuwa, ya kuma yi karatun tattalin arziki. Shi ya daɗe yana matsa wa na sama cewa a dakatar da tikitin ƙofa na wani lokaci. Hujjarsa ba ta da wuyar ganewa: in kuɗin ya zauna a hannun ɗan kasuwa zai ƙara jari, mota za ta ƙara shigowa, kaya su yi araha, in ciniki ya farfaɗo gwamnati ta ci ribarta daga baya. Da aka amince, sai ya tara mu a ofis ranar Juma'a.

"Daga Litinin babu tikiti. Amma kada na ji a bakin kowa. Babban baƙo ne zai sanar a wajen taro, rediyo ta ɗauka da yamma. Ku kuma ku mayar da tebura sito, ku zo zauren taro da rigunanku."

A aikin gwamnati haka tsarin yake. Labari mai daɗi na manya ne, ƙaramin ma'aikaci ba ya rigansu faɗa. Mu amfaninmu a ranar shi ne mu cika kujerun baya mu yi tafi. Ba wanda ya ga aibun haka, har da ni.

Litinin da hantsi muna zaune a zaure, babban baƙo bai iso ba tukuna, sai wayata ta yi ƙara. Sarkin kasuwa ne, dattijon da 'yan kasuwa suka naɗa yana sasanta su. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Bitrus, kuna ina? Me kuka ji? Ka gaya mini tsakaninka da Allah, sun iso gadar shigowa gari ne?"

Na ce su wa? Ya ce in ba mu ji komai ba, me ya hana mu fitowa? Na lallaba na raɗa wa darakta, ya ce in je in gani.

Da na isa, kasuwa ta watse. Ana ta jan ƙofofin shaguna, mata na gudu da yara a hannu, takalma warwatse a ƙasa. Ba harbi, ba hayaƙi, ba wanda ya ga kowa. Abin da ya faru, 'yan gefen fili ne suka zo da sassafe suka tarar ba tebur, ba laima, ba ko koriyar riga guda. Suka jira, shiru. Wani ya zaga ɗaya ƙofar ya dawo ya ce can ma babu. Daga nan suka fara tattara kaya, masu shaguna suka ga haka su ma suka rufe, kafin a jima magana ta kai tasha cewa ma'aikatan gwamnati sun gudu, wai mahara sun kusa gari.

Na tsaya a bakin ƙofa da rigata ina ɗaga hannu ina cewa lafiya lau, yafe haraji aka yi. Wani mai albasa ya dube ni ya ce, "Oga, gwamnati ya taɓa yafe kuɗi? Ka faɗa mana gaskiya kawai." Sai da rana ta yi tsaka hankula suka ɗan kwanta. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba.

Kwandunan Adda Mairamu kuwa suna jere inda mota ta sauke su, ita ba ta nan. Maƙwabtanta suka ce tana ganin ƙofa ba kowa ta juya, ko kwando ɗaya ba ta buɗe ba. Aka aika Yolde Pate, aka tarar ta kwashe 'ya'yanta ta shiga motar kudu, wayarta a kashe. Na roƙi sarkin kasuwa ya sa a sayar mata da kayan a ajiye mata kuɗin. Ya ce a dokar kasuwa ba a taɓa kayan wanda ba ya nan sai da yawunsa, in an fara haka gobe ba mai iya barin kwandonsa ya je salla. Muka lulluɓe su da tabarmi. Wanda ya san zafin Yola ya san tumatir ba ya jira. Kafin a samu ƙaninta ya ba da izini, ruwa ya fara bin ƙasan kwandunan, ɗan abin da aka tsinta masu shanyawa suka saya a banza.

Na rubuta rahoto na kai wa darakta. Ya karanta, ya cire tabarau. Sannan ya ce, "Gobe ku mayar da tebura. Ku sa rigunanku ku zauna. Kada ku karɓi komai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a wane aiki za mu rubuta shi?"

"Ka rubuta wayar da kai."

Haka muka yi ta zama har wa'adin ya ƙare. A duk shekarun aikina, wannan ne kaɗai lokacin da aka biya ni albashi don in zauna a inuwa, masu zagina kuma suna aiko mini da kunu.

Wajen ƙarshen makon Adda Mairamu ta dawo. Ta tsaya daga nesa yadda ta saba, ta dubi tebur, sannan ta wuce wajen da kwandunanta suke. An riga an share. Ta daɗe a tsaye. Da ta dawo ta zauna a gefen bencinmu, na fara yi mata bayanin tsarin, ta ɗaga hannu.

"Na ji a rediyo a can. Malam Bitrus, a garinmu ma akwai mai tikiti. Ranar da ban gan shi a ƙofa ba, na ce ƙila zazzaɓi ne, na kasa kayana. Ashe su ma'aikata sun ji tun jiya, sun kwashe iyalinsu. Da azahar yaran nan masu bindiga suka shigo. Baban yarana yana rumfan mahauta, ban sake ganinsa ba. Tun ranan, in na zo kasuwa, tebur nake fara dubawa."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye kuɗin tikiti a gabana. Na ce ba dama, littafin tikiti yana ofis, karɓar kuɗi ba tikiti kuma laifin kora ne. Ta mayar da abinta, ta je ta aro tire.

To, ga amsar tambayarku, iyakar abin da na gani. Sassaucin ya yi ɗan amfani. Motoci sun ƙaru, masu ƙarfin jari sun ƙara kaya, wasu har sun ɗauki masu taya su. Farashi bai sauka yadda aka zata ba, masu saye kuma ba su ƙaru ba, tunda ba a aljihunsu aka bar kuɗin ba. Kasuwar ba ta dawo sosai ba sai da hanyoyi suka buɗe manoma suka koma gona. Lissafin Alhaji Bobbo ban ga kuskure a cikinsa ba har yau. Abin da aikin ya koya mini shi ne ɗan kasuwa ba kuɗin da za a cire masa kaɗai yake dubawa ba kafin ya zuba jarinsa, yana duba ko akwai wanda zai kwana ya tashi yana nan. Mu da muke zaton karɓa kawai muke yi, ashe da zamanmu wasu ke gane ko gari lafiya. In za ku canza wani abu a ƙofar kasuwa, ko alheri ne, ku fara gaya wa na gefen fili.

Adda Mairamu ba ta sake sauke mota ba har na bar aiki. Ranar da aka dawo da tikiti, an ma ɗan ƙara masa kuɗi, ita ce ta farko a layi da tirenta a ka. Ta biya, ta juya takardar gaba da baya, ta ɗaure a bakin zane.

"Wallahi ku ɓarayi ne, Malam Bitrus," in ji ta. "Gobe ma ka zo da wuri."