Dariyar Da Na Hana Kakana

Ɗazu ina wanke-wanke, dariyar talabijin ɗin maƙwabta ta ratso bango, irin wadda inji ke sakawa ko abin bai kai ba. Tun lokacin na kasa zama, daga kicin sai taga.

Kakana na wajen uba yana cikin waɗanda suka fara rubuta wasan barkwanci na talabijin a Kano. Shi ke rubutawa, shi ke shiryawa. Kafin a ɗauka, sai ya tara masu shara da direbobi ya karanta musu. Shafin da bai ba su dariya ba, nan take yake yaga shi. Faya-fayan wasanninsa duk an ɗora wasu shirye-shirye a kansu, kaset ɗaya tak ya tsira da shi. Da shi ya zo mana Bronx, a Amurka, aikin ido, ina 'yar shekara tara.

Kaset da bidiyonmu jininsu bai haɗu ba. Hoto sai tsalle, murya sai gurnani. Tsohon nan bai huta ba! Cikin zafin bazara ya bi Harlem shago-shago, har ya sami mai iya juyewa, amma aka ce sai ya bar shi sati guda. Ya ce kaset ɗinsa ba ya kwana a hannun kowa. Ya dawo yana ta safa da marwa a falo.

Ana jibi zai koma, bayan la'asar, ya kashe mini katun ɗin da nake kallo a talabijin, ya ture tebur.

"Amarya, zauna. Yau ke ce masu shara."

Sai ya hau yi mini wasan da kansa. Ya ɗaura gyalen Mama ya zama mai ƙosai, ya cire ya zama ɗan doka, yana gumi, yana leƙen fuskata da ido ɗaya, ɗayan da bandeji. Ina jin Hausa sarai. Dariya tana cina har cikina na ciwo, amma haushin katun ya sa na cije leɓe. Da ya tsaya, na tambaye shi da Turanci ko ya gama.

Ya ninke gyalen a hankali. "To," ya ce, "wannan shafin ya yagu."

A kan talabijin ya bar kaset ɗin. Bai ƙara zuwa ba, shekara biyu bayan nan ya rasu.

Yanzu ba hoton da waya ba ta buɗewa. Bara na sa aka juye mini kaset ɗin, na yi dariya har na ƙware. Ɗana ya leƙo, ya kalla na minti ɗaya, ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Abin ya yi mini zafi, kuma na san ni na fara.

Kaka, wallahi shafin bai yagu ba. Ɓoyewa na yi.