Dokar Hana Daka a Gidan Hayarmu

Ranar wata Laraba, shekarar da na shiga aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, na tafka wauta: na tafa wa mai gidan hayarmu. Ya tara mu a tsakar gida a unguwar Koira Kano, ya ce daga yau an hana daka a turmi, wai yana fasa masa siminti, kuma dokar ta kowa da kowa ce. Ni da ba ni da 'yar'uwa mace, taɓarya ta zama gadona, sai na ji kamar an ba ni hutun shekara.

Sai da Inna ta murɗe mini kunne har ya kusa komawa ƙeya, sannan na fara lura. Ɗakunan gaba na ma'aikatan gwamnati ne, shinkafa da makaroni suke ci. Mu da Gwaggo Hajo, mutanen Maraɗi da ke ɗakunan baya, fura muke sayarwa, da ita ake biyan haya. Inji kuwa yana niƙa gero, amma ba ya kirɓa fura.

Inna ta yafa mayafi ta kai ƙara wurin mai unguwa, ni a bayanta. Da aka kirawo mai gida, ya ce, "Ni ban kira sunan kowa ba." Inna ta ce, "Ba sai ka kira ba, Alhaji. Wanda ya hana shiga ruwa, kifi yake nufi, ba akuya ba. A tambayi mutanen gaba me suka rasa." Mai unguwa ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce tana da gaskiya, amma gida na mai shi ne.

Washegari muka mirgina turmin zuwa bakin titi, dab da ƙofar gida, tunda titi ba na Alhaji ba ne. Na yi dakan da na rantse an ji shi har otel ɗin Gaweye. Masu sayen fura suka ƙaru, Alhaji yana wucewa fuska kamar an jiƙa kanwa.

Yanzu a unguwar Gamkalley muke, kusa da lambuna. Ɗakin ya fi ƙanƙanta, rufin na yoyo da damina, kuma ina kewar inuwar dogonyaron wancan gida. Dokar dai ba a janye ta ba. Wancan watan na ƙarewa Alhaji ya karɓi makullansa, namu da na Gwaggo Hajo.